Wa Ke Riƙe Da Mudun Wutar Lantarki?

Tun daga watan Afrilun 2024, da hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A daga wajen Naira 68 zuwa Naira 225 kan kowane yunit, mita ba ta sake samun sukuni a bakin jama'a ba. A majalisa, a shagon aski, a zaurukan WhatsApp, zancen ɗaya ne: wai daga ofis ake ƙara mata gudu, wai ko ka kashe komai na gidan tana nan tana zuƙe yunit, wasu ma har cewa suke tana da kunne, tana kai rahoton abin da ake ciki a gida. Da aka shiga Nuwamban 2024, kamfanoni suka matsa wa kowa ya shigar da lambobin sabunta mita kafin ranar 24 ga wata, sai masu zargi suka ce ai ga irinta nan, dama mun faɗa.

Waccan sabuntawar ba ruwanta da gudu. Kowane katin wuta mai lamba 20 yana ɗauke da hatimin lokacin da aka sayar da shi, don kada a loda kati ɗaya sau biyu. Hatimin nan ƙidayar mintuna ce da aka soma tun farkon 1993, gurbin da aka tanadar mata kuma ya zo cika a Nuwamban 2024. Shi ya sa aka sake saita ƙidayar, a Najeriya da Afirka ta Kudu da duk ƙasar da ke kan wannan tsari. Batun saurin ƙarewar yunit kuwa lissafi ne na ɗan firamare. Naira 10,000 a tsohon farashi tana ba ka yunit wajen 147, a farashin Afrilu kuma 44, kafin ma a cire haraji. Kuɗin ne ya rage auki. Mita na iya lalacewa, wannan gaskiya ne, kuma akwai hukumar NEMSA da aikinta ya haɗa da gwada mitoci. Tsohon wayarin gida ma kan zubar da wuta a ɓoye ba tare da an kunna ko ƙwai ɗaya ba. Amma yawancin mitocin da ke manne a zaurukanmu, masu madannan lamba ɗin nan, ba su da layin waya a cikinsu, ba sa aika wa kowa komai. Abin da ka danna musu shi kaɗai suka sani.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mun ƙarar da ƙarfinmu a kan mitar da ba ta magana, mun bar wadda take magana ba mai tambayar ta.

A tashar rarraba wuta da ke ciyar da unguwarku, a bakin kowane babban layi, wanda ma'aikata ke kira fida, akwai wata mita. Ita ce ke rubuta lokacin da aka ba layin wuta da lokacin da aka ɗauke. Daga abin da ta rubuta ake cewa layinku ya samu awa 20 a rana, ya cancanci Band A, ko 16 na Band B, ko 12, ko 8, ko 4 na Band E. Ke nan farashin da kake biya kacokan ya rataya ne a kan alƙaluman wata na'ura da ba ka taɓa gani ba, wadda ke cikin katangar wanda yake sayar maka da wutar.

A Dawanau, ko a kasuwar ƙauyenku, ba wanda zai yarda mai hatsi ya shige ɗaki da buhunsa ya ja labule, ya auna, ya fito ya ce mudu arba'in ne cif. Ko da mai awon limamin unguwa ne, a gabanka ake awo, kana ƙirgawa yana ƙirgawa, in mudun ya lotsa ka ce a canza. Ba wai an ɗauke shi ɓarawo ba ne, haka ciniki yake. To a cinikin wuta, mai kaya ne ke riƙe da mudun, shi ke aunawa a ɗaki, shi ke leƙowa ya faɗi adadi, kuma da wannan adadin yake yanke maka farashi. Kai naka biya.

NERC ta hango wannan, a yi mata adalci. Umarnin da ta fitar tare da sabon farashin ya ce kowane kamfani ya riƙa wallafawa a shafinsa na intanet, kowace safiya, matsakaicin awannin da kowane layin Band A ya samu a kwana bakwai da suka wuce. In layi ya gaza kwana biyu a jere, kamfani ya fito ya yi bayani; in ya kai kwana bakwai a jere, a sauke layin daga rukunin. A Afrilun 2024 ɗin ma ta ci kamfanin wuta na Abuja tarar Naira miliyan 200 saboda ya ɗora sabon farashi a kan waɗanda ba 'yan Band A ba. Mai karatu na iya shiga shafin kamfanin yankinsa yau, KEDCO ne ko na Kaduna ko na Jos ko na Yola, ya duba da idonsa ko zai iske lissafin layinsa na makon jiya, ya kuma ga ko mai shagon walda zai iya gane shi.

Amma ko an wallafa, da sauran rina a kaba. Na farko, abin da aka nema matsakaici ne, ba ɗanyen lissafin ba. Na biyu, kuma shi ne babba, a bakin layin ake awon, ba a bakin ƙofarka ba. Taransifomar layinku ta ƙone, ku yi mako uku a duhu kuna karo-karon kuɗin gyara, mitar tasha ba ta san an yi ba. A wurinta layin yana da wuta, awa 20 ta cika. Fis ɗaya ya yanke, rabin unguwa na kallo rabi na fifita, ita dai tana ƙirga muku awa. Ko a kawo irin wutar nan da ƙwai ke yin ja kamar garwashi, fanka na juyawa kamar an roƙe ta, firji na kuka ya kasa tashi. Mai sayar da ƙanƙara ya san wannan ba wuta ba ce. Ƙidayar awa ba ta faɗin ƙarfin wutar da ta iso gida.

To alƙaluman nan na wa ne? Nan ne da yawa daga cikinmu ke tafka kuskure na biyu. Muna ɗauka cewa tunda da kuɗina na sayi na'ura, ko a gidana aka kafa ta, duk abin da ta rubuta nawa ne. A yawancin dokokin duniya ba haka abin yake ba. Doka ta san mallakar ƙarfen, amma lambobin da ƙarfen ya tattara ba a cika lissafa su a dukiyar da wani ya mallaka ba. A aikace, wanda kwamfutarsa ke ajiye da su shi ke da iko, sai kuma abin da aka rubuta a dogon sharaɗin nan da muke danna "na amince" ba mu karanta ko layi ɗaya ba.

Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta ba mutum haƙƙoƙi na gaske. Kana iya neman kwafin bayananka da wani kamfani ke riƙe da su, ka sa a gyara kuskure, ka nemi a goge, ka ƙi yarda a yi amfani da su wajen talla, har ka ce a miƙa su ga wani kamfanin. Babban kamfanin da ya karya dokar ana iya cin sa tarar Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Sai dai dokar ta tsaya ne a kan bayanan da suka shafi mutum a karan kansa. Lissafin wutar da gidanka ya sha yana ciki, tunda da sunanka aka yi rajistar mitar. Lissafin awannin babban layi ba ya ciki, domin ba na mutum ɗaya ba ne, na unguwa ne. Wato wanda ya fi shafar aljihun kowa shi ne ba wanda zai buga ƙirji ya ce nawa ne. Ƙofar da ta rage ita ce dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙata, kuma ta haɗa har da kamfanoni masu zaman kansu da ke yi wa jama'a hidimar da ta shafi kowa. Ƙungiyoyin unguwanni nawa ne suka taɓa rubuta irin wannan takardar?

Tarayyar Turai ta bi ta wata hanyar. Dokarta ta bayanai, wadda ta soma aiki gadan-gadan a ranar 12 ga Satumban 2025, ba ta ɓata lokaci wajen tantance mai mallaka ba. Cewa ta yi duk wanda ke amfani da na'ura mai haɗe da intanet, saye ya yi ko haya, mutum ne ko kamfani, yana da damar karɓar bayanan da amfaninsa ya haifar, kyauta, kuma yana iya cewa a ba wani da ya zaɓa, misali bakanike mai zaman kansa. Wannan gaɓar ta bakanike ba ƙaramar magana ba ce. A Amurka manoma sun shafe shekaru suna rigima da kamfanin John Deere a kan taraktocin da suka saya da kuɗinsu amma ba su da ikon karanta abin da kwamfutar cikinsu ke cewa ya lalace, sai an kira wakilin kamfani. A Amurkan dai, tun 2012 akwai tsarin da suke kira Green Button, wanda mai gida zai shiga ya sauke lissafin wutar da ya sha daki-daki, ya kai wa wanda ya ga dama ya duba masa.

Kada a ce wannan matsalar Turawa ce. Adaidaita Sahun da ake bayarwa a biya kaɗan-kaɗan, da yawa akwai na'urar bin sawu a jikinsu. Solar bashi ana iya kashe ta daga nesa in ba a biya ba, wanda ke nufin tana magana da kamfani. Hello Tractor, da ya faro a Najeriya a 2014, aikinsa ke nan: a liƙa wa tarakta na'ura mai nuna inda take da awannin da ta yi da faɗin gonar da ta nome. Abu ne mai amfani, yana sa mai tarakta ya saki jiki ya ba da haya. Amma idan aka tara irin wannan shekara da shekaru, an samu taswirar gonakin yanki guda, da wanda ke noma da wuri da wanda ke makara. Manomin da aka auna gonarsa ya kamata ya iya cewa a ba ni nawa in kai banki. Sabbin mitocin wuta masu layin waya a ciki ma suna shigowa, kuma nan gaba su za su mamaye gidaje.

Idan sun mamaye, zargin nan na "tana da kunne" zai samu 'yar ƙafar tsayawa, ko da yake ba ta inda masu zargin ke tsammani ba. Mitar ba ta jin magana. Amma wadda ke aika lissafi duk bayan 'yan mintuna tana nuna lokacin da aka tashi sahur, da lokacin da aka kunna hita, da makon da gidan ya yi shiru saboda an tafi biki Zariya. A 2011 masu bincike a wata jami'a a Jamus sun nuna cewa in mita na aika lissafi duk daƙiƙa biyu, ana iya gane shirin da ake kallo a talabijin daga yadda hasken allon ke sa shan wuta hawa da sauka. A Holan, majalisar dattawa ta ƙi amincewa a tilasta wa mutane irin wannan mitar a 2009 saboda sirrin gida, sai da aka mayar da abin ganin dama.

Shi ya sa ba na tare da samarinmu 'yan boko masu cewa a buɗe komai kawai. A ƙarshen 2017 kamfanin Strava, mai manhajar masu motsa jiki, ya wallafa taswirar duk inda masu amfani da manhajarsa suka yi gudu a duniya, babu sunan kowa. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya ya lura cewa a tsakiyar hamada, inda ba kowa, akwai zobba masu haske. Sojoji ne ke zagaye sansanoninsu. Nan da nan 'yan jarida suka yi ta tono sansanonin sojan ƙasashen Yamma a Siriya da Afganistan, har da yankinmu na Sahel. Cire suna bai hana asiri tonuwa ba. A 2024 kuma jaridar New York Times ta bankaɗo cewa kamfanin motoci na General Motors yana miƙa bayanan tuƙin mutane, wane ya taka burki da ƙarfi, wane ya yi gudu, ga dillalan bayanai, su kuma su sayar wa kamfanonin inshora, kuɗin inshorar wasu ya tashi ba su san dalili ba. A Janairun 2025 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sanar da matakin hana kamfanin yin hakan na shekara biyar. A ƙasar da ake satar mutane don kuɗin fansa, ba sai na tsaya bayyana abin da zai faru in lissafin shiga da fitar wani gida ya faɗa hannun da bai dace ba.

Rabon bai da wuya. Abin da na'ura ta auna a kan mutum ɗaya da gidansa da abin hawansa, shi ya kamata ya fara gani, kuma kada ya fita sai da izininsa. Abin da ta auna a kan abin da jama'a suka yi tarayya a kai, awannin layin wuta, tsawon ruwa a kogi da madatsa, ƙura da hayaƙin da ke cikin iska, a baza shi a faifai kowa ya gani, ɗanyensa, a kan lokaci. Mu kuwa sau da yawa a juye muke yi. Lambar wayarka da ka bayar a wani ofis sai ka ji ta a hannun mai talla da ɗan damfara, amma ka nemi lissafin da ya shafi gari guda a ce maka sai oga ya dawo. Mutanen da ke bakin Binuwai, daga Yola zuwa Makurɗi, sun san abin da sanarwar sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru ke nufi tun ambaliyar 2012 da ta 2022. Mutanen Maiduguri sun ga abin da ya biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024. Tsawon ruwa a irin waɗannan wurare bai kamata ya zama sirrin ofis ba ko na awa ɗaya.

Akwai kuma haɗarin dogara da ma'aunin wani. Tun 2008 ofishin jakadancin Amurka a Bejin ya kafa na'urar auna gurɓatar iska a rufinsa yana wallafa sakamakon, abin da ya taimaka wajen tilasta wa hukumomin Sin fitar da nasu. Daga baya aka baza irin na'urorin a ofisoshin jakadanci da dama, har da na Najeriya da Chadi da Senegal. Ga wasu ƙasashen, kusan su ne kaɗai ingantaccen awon da duniya ke gani. A Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta ce ba kuɗi, ta daina wallafawa. Shi ke nan. Chadi, inda kwarin Bodele yake, wanda ke cikin manyan wuraren da ƙurar hunturu ke tasowa ta lulluɓe mu har Kano da Damagaram, ta wayi gari da ƙarancin abin da za ta nuna a kan iskar da mutanenta ke shaƙa. Ba wanda zai kai ƙara, domin kyauta ce aka janye.

A harkar wuta, wasu sun daina jiran a ba su. A Indiya, wata ƙungiya mai suna Prayas da ke birnin Pune ta rarraba 'yan ƙananan na'urori da ake sokawa a soket a gidaje da shaguna da gonaki. Suna rubuta ƙarfin wuta minti-minti, su aika ta layin waya, a wallafa a intanet kowa ya duba garinsu. A Akra ma, tun 2018, masu bincike da suka fito daga Jami'ar Kalifoniya sun soka irin waɗannan a gidaje da shaguna don gane ainihin yadda ɗauke wuta yake a unguwanni. Dabarar mai sauƙi ce: in na'ura ɗaya ta mutu, wataƙila mai gidan ne ya zare ta, in goma sun mutu a lokaci guda a layi ɗaya, wuta aka ɗauke. Ba abin da ke cikin wannan da ya fi ƙarfin ɗaliban injiniya na Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, in an ba su kuɗin kayan aiki aka kuma bar su su wallafa abin da suka gani.

Mu ma jama'a da namu laifin, kuma ba ƙarami ba. Unguwar da rabin gidajenta suka zagaye mita da waya ta bayan gida ba ta da bakin neman lissafi na gaskiya, kuma kamfani ya san haka, shi ya sa da an taso da maganar awanni sai ya taso da maganar satar wuta, a tashi baram-baram. Sannan ƙorafinmu duk na baki ne. "Wallahi ko awa goma ba ma samu" ba hujja ba ce a gaban hukuma.

Kafin a samu na'ura, littafi mai ɗari biyu ya isa a fara. Ƙungiyar unguwa ta zaɓi wurare uku a kan layi ɗaya inda ba a rasa mutum, kamar kemis da gidan burodi da ɗakin mai gadi, a riƙa rubuta lokacin da aka kawo da lokacin da aka ɗauke, da ranar da ta zo ba ƙarfi, na wata guda cur. A haɗa da takarda zuwa sashen ƙorafi na kamfani, a nemi ɗanyen lissafin layin na wannan watan don a gwada da na littafin, a karɓi shaidar sun karɓa. In kwana 15 na aiki suka wuce ba gamsasshiyar amsa, a wuce ofishin sauraron ƙorafi na NERC da ke yankin. Ita kuma NERC, tunda ta iya cewa a wallafa matsakaici, ta ƙarasa ladanta: ta sa a wallafa lissafin kowane layi awa-awa, na kowane rukuni ba Band A kaɗai ba, a kuma fara awon daga taransifomar unguwa.